Me Ya Sa Mutanen Ailan Ke Rigima Kan Sunan Ƙauye, Kuma Ina Ruwan Abinci a Ciki?

Ba a daɗewa ba a ji wata sabuwar taƙaddama daga tsibirin Ailan a kan allon suna ba. A Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, ana ja-in-ja kan ko a rubuta sunayen tituna da harsuna biyu, Turanci da Gaeilge, wato harshen asali na tsibirin. A kudu kuwa, a Jamhuriyar Ailan mai cin gashin kanta, garin Dingle na gundumar Kerry ya kai ruwa rana da gwamnati bayan da aka cire sunansa na Turanci daga allunan hanya a 2005 aka bar An Daingean kaɗai. Sai da mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a a 2006 suka zaɓi a haɗa sunaye biyu, doka kuma ba ta amince ba sai a 2011.

Mai kallo daga nesa zai ce, mutanen da kusan dukansu da Turanci suke kwana suke tashi, me ya yi zafi a sunan ƙauye? Ƙidayar 2022 ta Jamhuriyar Ailan ta nuna kimanin mutum 72,000 ne kawai ke magana da Gaeilge kullum a wajen makaranta. Da yawanmu kuma abu biyu muka riƙe game da su: Turawa ne maƙwabtan Ingila, abincinsu dankali. Duka biyun rabin magana ne, kuma sunayen ƙauyukansu da labaran da tsofaffi ke bayarwa a kansu su ne suka fi fito da ragowar rabin.

Yankin da ya fi ƙauye ƙanƙanta

Karkarar Ailan ba a ƙauyuka masu cunkoso take ba. Gidajen manoma a warwatse suke, kowa a gonarsa. Abin da ke haɗa su shi ne wani ɗan yanki da ake kira baile fearainn, wanda bai wuce 'yan gonaki da gidaje kaɗan ba. Akwai irinsu kimanin 61,000 a tsibirin, kowanne da sunansa da iyakarsa. Idan an tambayi ɗan karkara daga ina yake, wannan sunan zai faɗa. Shi ne a takardar haihuwa, shi ne a takardar gona, shi ne a kan dutsen kabari.

Mafi rinjayen sunayen daga Gaeilge suke, kuma bayani ne kai tsaye. Baile gari ne ko mazauni, shi ya koma Bally. Cnoc tudu ne, ya koma Knock. Cluain makiyaya ce, doire kurmin itacen oak ne, daga nan Derry ta fito. Dublin daga Dubh Linn take, baƙin tafki, alhali sunan birnin da harshen gida Baile Átha Cliath ne, garin mashigin ruwan da aka shimfiɗa wa asabarin itace. Ƙarƙashin waɗannan kuma akwai sunayen da ba su taɓa shiga taswira ba: sunan kowace gona, kowace rijiya, kowane dutse a bakin teku. Waɗannan a bakin mutane kawai suke.

Yadda sunaye suka rikiɗe a bakin baƙi

Ma'aikatan mulkin Ingila sun rubuta abin da kunnensu ya ji da ƙa'idar rubutunsu. Wanda ya san yadda Sakkwato ta koma Sokoto, Haɗeja ta koma Hadejia, ya san irin aikin. Bambancin shi ne mu ba mu bar harshen ba, don haka muna jin asalin sunan kullum. Su kuwa harshen ya janye daga yawancin ƙasar, sai aka bar mutane da sautin da ba su san ma'anarsa ba.

Nan ne rikici ya shigo. Cill coci ce, coill kurmi ne, amma duka biyun sun koma Kil a rubuce. Tudun da aka gwabza yaƙin tawaye ga mulkin Ingila na 1798 a gundumar Wexford sunansa na Turanci Vinegar Hill, kamar a ce tudun ruwan khal, alhali asalinsa Cnoc Fhiodh na gCaor ne, tudun kurmin 'ya'yan itace. Moneygall, ƙauyen da wani kakan Barack Obama ya fito, wanda ya ziyarta a 2011, ba shi da alaƙa da kuɗi: Muine Gall ne, sarƙaƙiyar baƙi.

Akwai wata fahimta da ta bazu cewa sojojin da suka auna ƙasar tsakanin 1824 da 1846 su ne suka shafe sunayen gida rana ɗaya. Wasan kwaikwayon Brian Friel mai suna Translations, na 1980, ya ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Yawancin sunayen an riga an Turance su ɗaruruwan shekaru kafin nan, a takardun ƙwace filaye da na haraji. Aikin masu awon shi ne zaɓar rubutu ɗaya su tsayar. Kuma mutumin da aka ɗora wa wannan nauyi, John O'Donovan, masanin Gaeilge ne da ya tattaka ƙasar yana neman tsofaffi su furta masa sunaye. Rubutun Turanci ya hau taswira, amma littattafan bayaninsa su ne yau masana ke komawa gare su don gano asali. A ganina adalci shi ne a faɗi duka biyun: aikin na mulkin mallaka ne, kuma a cikinsa aka ceto abin da da ya ɓace.

Suna daban, labarin suna daban

Mutanen Ailan suna da kalma ta musamman ga ilimin labaran wurare: dinnseanchas. Tsoho ne ƙwarai, domin akwai tarinsa a Littafin Leinster na ƙarni na 12. Misali kogin Boyne. Labarin ya ce akwai wata rijiya da aka hana kowa zuwa sai mai ita da masu yi masa hidima. Matarsa Boann ta je ta kewaya ta ta hannun hagu, ruwan ya taso ya raunata ta, ya bi ta har teku. Hanyar da ruwan ya bi ita ce kogin.

Wannan hikaya ce. Amma sunan kansa hujja ce ta tarihi, domin masanin taswira Ptolemy ya rubuta shi tun ƙarni na 2 da siffar da masana harshe ke fassarawa da farar saniya. Kuskuren da ake yawan yi iri biyu ne. Wasu su haɗiye labarin duka a matsayin tarihi, wasu su watsar da komai su ce ƙanzon kurege ne. Abin da ya kamata shi ne a raba: sunan yana nuna abin da ke wurin lokacin da aka raɗa shi, labarin kuma yana nuna abin da ke zuciyar waɗanda suka zo daga baya. Sunan Mullingar, An Muileann gCearr, injin niƙa mai juyawa a baibai, yana tabbatar da cewa an yi niƙan hatsi a wurin. Labarin cewa wani waliyyinsu mai suna Colmán ne ya juya shi baya, wannan kuma nasu ne na imani.

Saniya ce a taswira, ba dankali ba

In aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ana neman abinci, abin da za a yi ta cin karo da shi saniya ce. Kalmar ita ce bó. Aghaboe filin shanu ne. Annamoe mashigin shanu ne. Inishbofin tsibirin farar saniya ne. Clontarf, inda aka yi yaƙin 1014, makiyayar bijimai ce. Hatta kalmar hanya, bóthar, daga saniya ta samo asali, wato burtali. Bayan saniya sai zuma, kamar Clonmel, makiyayar zuma, sai kifi, kamar Leixlip, sunan da 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, suka raɗa wa inda kifin salmon ke tsalle. Dankali da wuya a gan shi, domin bai iso tsibirin ba sai ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da yawancin sunayen sun riga sun tsufa. Labarin cewa Walter Raleigh, wani Baturen Ingila, ne ya fara shuka shi a garin Youghal ma ba shi da takardar da ta tabbatar da shi.

Kafin dankali, abincin talaka shi ne abin da suke kira bánbhia, farin abinci: madara, nono, tsala, man shanu, cuku, tare da kunu da waina na hatsin oats da sha'ir. Saniya ba ta yanka ba ce, ta tatsa ce. A tsohuwar dokar gargajiyarsu da shanun tatsa ake ƙiyasta diyya da darajar mutum, kuma babbar hikayar jarumtarsu, Táin Bó Cúailnge, a kan satar bijimi aka gina ta.

Akwai kalmar da ta fi burge ni a wannan babi, buaile. Ruga ce ta lokacin zafi. Daga farkon Mayu ake kora shanu zuwa kan tuddai don a bar gonaki su yi, 'yan mata su bi su, su zauna a bukkokin dutse suna tatsa suna kaɗa nono har farkon Nuwamba. Al'adar ta mutu, inda ta fi daɗewa kamar tsibirin Achill ta kai wajen shekarun 1940. Amma duk inda ka ga Boley ko Boola a suna, kamar Boolavogue, to an yi ruga a nan.  Sunan wurin shaida ne cewa 'yan matan sun yi aiki a can.

Ƙasar ma ta adana nata. Masu yankan laka a dausayi, irin lakar da suke shanyawa su yi makamashi da ita, sukan tono dunƙulen man shanu da aka binne a akushi ko a fata. Gwaji ya nuna wasu sun haura shekara 3,000. Ko don kada ya lalace aka binne, ko ɓoyo ne daga mahara, ko sadaka ce ga abin bauta, masana suna da ra'ayi a kan kowanne. Daga baya man ya zama hajar duniya: kasuwar man shanu ta Cork da aka kafa wajen 1770 ta zama mafi girma irinta a ƙarni na 19, har hanyoyin da manoman Kerry ke bi da ganguna zuwa can ake kiransu hanyoyin man shanu.

Camfin da ke gadin tukunyar nono

Abin da rayuwa ta dogara a kansa shi ake camfawa. Ranar 1 ga Mayu, ba a ba maƙwabci wuta, ba a ba shi gishiri ko madara, don kada ya tafi da albarkar man shekara. Labarin da ya fi yawo shi ne na manomin da ya ga zomo yana tsotson shanunsa da asuba, ya sa kare ya cije shi, ya bi sawun jini har gidan wata tsohuwa ya tarar da ita da rauni a ƙafa. Baƙon da ya shigo gida ana kaɗa nono kuwa dole ya sa hannu ya kaɗa ko sau ɗaya, ya yi addu'ar Allah ya sa albarka a aikin. Akwai kuma Glas Ghaibhleann, saniyar da ke cika duk ƙwaryar da aka tara mata, har ranar da wata ta tatse ta a rariya, ta bar ƙasar. Wurare da dama suna ɗauke da sunanta.

Ba na son a karanta labarin zomon a matsayin abin nishaɗi kawai. Mace ce matalauciya, sau da yawa gwauruwa, ake nunawa da yatsa idan nono ya ƙi ba da mai. Labarin yana adana tsoron manomi, yana kuma adana zaluncin da aka yi wa marar gata.

Sai maganar wasu tsoffin ganuwoyi masu da'ira da ke cike da karkara, sama da 40,000, waɗanda suka ba da sunaye masu farawa da Rath da Lis da Dun. Masu binciken kufai sun ce gidajen manoma ne da garken shanunsu na fiye da shekara dubu da suka wuce. Mutanen karkara suka ce gidajen aljanu ne, waɗanda ba sa ambaton sunansu sai su ce mutanen kirki, kamar yadda muke cewa mutanen ɓoye. Tsoron ya hana garma shiga, shi ya sa da yawa suka tsira. A 1999 mai ba da labaran gargajiya Eddie Lenihan ya tayar da ƙura kan wani ɗan itace a Latoon ta gundumar Clare da aikin babbar hanya zai ci, kuma aka bar itacen a tsaye. A daren Samhain, 31 ga Oktoba, wanda shi ne tushen bikin Halloween da mutane ke zaton na Amurka ne, akan dafa colcannon, dakakken dankali da kabeji da man shanu, a ajiye wa mutanen kirki rabonsu a waje. A burodin ranar, bairín breac, akan ɓoye zobe da kwabo da tsumma, kowa ya ga abin da shekara za ta kawo masa.

Dankali da yunwar da ta bar sunaye

Dankali ya ci ƙasar ne saboda ɗan fili kaɗan yana ciyar da iyali, su kuwa talakawa 'yan haya ne a gonakin manyan masu ƙasa, hatsi da man shanu na biyan haya ne. Kafin 1845 kimanin mutum miliyan 3 kusan shi kaɗai suke ci da tsala, har namiji ma'aikaci kan ci wajen kilo 6 a rana. Da cutar ruɓewa ta faɗa masa daga 1845, aka shiga abin da littattafai ke kira An Gorta Mór, babbar yunwa, mutanen karkara kuwa suka ce An Drochshaol, mugun zamani. Kimanin miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka yi hijira. Ƙidayar 1841 ta ba da miliyan 8.2, ta 1851 kimanin miliyan 6.5. Yammacin ƙasar, inda Gaeilge ya fi ƙarfi, shi ya fi jin jiki, shi ya sa maganar harshe da maganar yunwa ba sa rabuwa a wurinsu.

Yunwar ta raɗa nata sunaye. Hanyoyin da aka sa mayunwata suka fasa don su sami abin sayen garin masarar da aka shigo da shi, wasu har yau ana ce musu hanyar garin rawaya. Wanda ya bar ɗariƙar Katolika don a ba shi miya a wurin wasu masu wa'azi, an ce ya sha miya, kuma zagin ya bi zuri'a. Akwai kuma féar gortach, ciyawar yunwa: wani gurbi a daji da in mutum ya taka sai yunwa ta kayar da shi nan take. Wasu suka ce inda wani ya mutu da yunwa ne. Maganinta matafiyi ya riƙe gutsuren waina a aljihu. Ko ba ka yarda da ciyawar ba, shawarar ta mutanen da suka san yunwa ce.

Wani labari ya kan zagayo a kafafen sada zumunta namu, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Gaskiya ne Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid, ya ba da gudummawar fam 1,000 a 1847, kuma akwai wasiƙar godiya da manyan Ailan suka aika masa. Abin da ake ƙarawa shi ne ya aiko jiragen abinci a ɓoye zuwa garin Drogheda, a bakin kogin Boyne, kuma wai don haka garin ya sa wata da tauraro a tambarinsa. Tambarin ya girmi yunwar da ɗaruruwan shekaru. Kyautar ta isa abin yabo ba tare da ƙari ba. Amma dubi yadda labarin ya yi aiki: mutane sun ga alama, sun tuna alheri, suka ɗaura su wuri ɗaya. Haka dinnseanchas yake haihuwa har gobe.

Yaran da suka rubuta abin da kakanni suka faɗa

Yawancin abin da aka sani na wannan fanni daga wani aiki guda ya fito. An kafa Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga. Daga 1937 zuwa 1939 ta sa 'yan firamare sama da 50,000 a makarantu kimanin 5,000 su je gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta: me ake ci a da, yaya ake yin burodi, yaya ake kaɗa nono, mene ne sunan gonakinku. Aka tara shafi kimanin 740,000, yawanci da suna da shekarun wanda ya ba da labarin. Kunne ya girmi kaka, kuma wasu daga cikin tsofaffin iyayensu ne suka ga yunwar da idonsu. Kundin hukumar yana Kwalejin Jami'a ta Dublin, UNESCO ta sa shi a rajistarta ta kayan tarihin duniya a 2017, kuma ana karanta wani ɓangarensa kyauta a shafin dúchas.ie. Asalin sunaye kuma yana logainm.ie tun 2008.

Yana da rauninsa. Gundumomi shida na Arewa ba su shiga ba. Malamai sun gyara wa yara, wasu yaran daga littafi suka kwafo, kuma akwai abin da tsoho ba zai faɗa wa jikansa ya kai makaranta ba.

Ɓangarorin da ke jayayya, da abin da ya shafi talaka

Masu kishin harshe suna cewa sunan Turancin sauti ne marar ma'ana, a dawo da na asali. Mutanen Dingle suka ce sunansu na Turanci ma ya yi ɗaruruwan shekaru, da shi masu yawon buɗe ido suka san su, kuma da shi suke ci. A Arewa maganar ta fi zafi, domin wasu masu goyon bayan zama da Birtaniya suna kallon allon Gaeilge a matsayin tutar ɗaya ɓangaren, duk da dokar 2022 da ta ba harshen matsayi a hukumance. Abin lura shi ne a can ɗin ma, lokacin da aka kawo tsarin sunan titi da lambar gida a karkara a shekarun 1970, Katolika da Furotesta sun haɗu wajen kare sunayen ƙananan yankunansu, gundumar Fermanagh kuma ta daɗe tana turjewa.

A Jamhuriya an kawo lambar adireshi ta Eircode a 2015, saboda wajen kashi ɗaya cikin uku na adireshi suna da takwara, gidaje da yawa masu sunan iyali ɗaya a yanki ɗaya. Motar asibiti yanzu tana samun gida cikin sauri, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai yaron da ke ba da haruffa da lambobi bakwai na Eircode a waya ba ya buƙatar sanin inda yankinsu ya tsaya. A ɓangaren abinci kuma labarin ya zama jari: burodin blaa na Waterford ya sami kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2013, boxty, wainar gurzajjen ɗanyen dankali ta Leitrim da Cavan, ya shiga manyan gidajen abinci, ranar Brigid, waliyyiyar da ake dangantawa da shanu da man shanu, ta zama hutun ƙasa daga 2023. Mai ƙaramar sana'a yana amfana, amma kasuwa ta fi son labari mai daɗi a kan labari mai tushe.

Ni inda na fi jin tsoro ba allon gari ba ne, domin suna 61,000 ɗin nan suna rubuce. Sunayen gonaki ne. Idan aka sayar da gona aka ture shinge aka haɗe filaye biyar, sunaye biyar sun tafi tare da tsohon da ya san su. Shi ya sa a gundumomi irin su Meath da Louth 'yan sa-kai suka ɗauki taswira suna bi gida gida, suna zama da manoma a kicin, suna nuna fili da yatsa suna tambayar me mahaifinka yake kiran wannan. Sun rubuta dubbai. A cikinsu ake samun filin tatsa, gonar dankali, filin rijiya, da waɗanda sautinsu Gaeilge ne amma mai gonar kansa bai san abin da yake faɗa ba sai da aka fassara masa.